Shekara guda da masu kula da famfon masaukina: yadda muka kwashe

Ina da ƙaramin masaukin baƙi mai ɗaki 14, da kicin a baya. Shekara tara ina tafiyar da shi a kan tsari ɗaya, sai abu ya lalace sannan in nemo mai gyara. Bara wani bututu ya tsage a cikin silin ɗin ɗaki na 6, ruwa ya kwana biyu yana tsiyaya kafin fenti ya kumbura mu farga. Ɗakuna uku na rufe har mako guda. Bayan wannan ne na sa hannu a yarjejeniyar shekara da wani kamfanin masu aikin famfo, su riƙa zuwa duk wata uku ko da babu abin da ya ɓaci. Ga shi shekara ta zagayo, lokacin sabuntawa ya yi.

Ranar da suka fara zuwa, babbansu, wani dattijo mai sanyin magana, ko akwatin kayan aikinsa bai buɗe ba ya tambaye ni, "Yallaɓai, idan bututu ya fashe da ƙarfe biyun dare, wa zai kashe ruwan gidan nan, kuma a ina?" Ni na san babban bawul yana kusa da mita. Yaron da ke kwana a wurin karɓar baƙi bai sani ba. Da muka je, tsatsa ta cinye shi, mutum biyu suka kasa murɗawa. Suka canza shi da mai hannu, wanda ake juyawa sau ɗaya ruwa ya tsaya cak. Suka bi kowane bawul na ginin suka rataya masa lamba, suka zana taswira aka manna ta bayan kanta. A cikin duk abin da suka yi mini, wannan takardar na fi ji da ita.

Daga nan sai gwajin mita. Aka rufe duk famfuna, ya rubuta lambar da ke jiki, muka jira awa ɗaya. Da muka dawo ta motsa. Sai ya bi ɗakuna yana ɗiga ruwan kala a tankin kowane masai, ya ce kada kowa ya ja ruwa. Kafin minti 15 kala ta fito a kwanon masai uku. Robar da ke rufe bakin tanki ce ta bushe, ruwa yana zurarewa dare da rana ba ƙara ba alama. Masai ɗaya irin wannan yana iya shanye ɗaruruwan lita a yini. Ko famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa, kafin shekara ya zubar da fiye da lita 11,000. Ya kuma ɗaura ma'aunin matsin ruwa a wani famfo na waje, allura ta haura bar 6 (bar shi ne awon matsi). Ya ce matsin bar 3 zuwa 4 ya ishi gini kamar nawa, abin da ya wuce 5.5 kuwa cin mahaɗai yake yi. A nan na gane dalilin ƙarar da muke ji a bango kamar ana buga guduma idan an rufe famfo da sauri, da dalilin da tiyon ƙarƙashin sinki ke yawan fashewa. Suka sa na'urar rage matsi, ƙarar ta ɗauke.

Inda suka fi burge ni shi ne kicin. Muna da akwatin tare maiƙo a ƙarƙashin ƙasa, bayan wurin wanke-wanke, wanda rabonmu da buɗe shi har na manta. Da suka ɗaga murfin, maiƙo ya daskare a sama kamar sabulu, kaurinsa ya fi tafin hannu, ƙasa kuma laka ce ta ragowar abinci. Dattijon ya zura wani bututu mai haske kamar gilashi har ƙasa, ya toshe bakinsa, ya ɗago mini shi in gani da idona: maiƙo a sama, ruwa a tsakiya, laka a gindi. Ya ce idan na sama da na ƙasa suka haɗu suka kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin akwatin, ya daina aiki, maiƙo wucewa kawai yake yi cikin magudana. Namu ya kusa rabi.

Abin da ya fi taɓa ni a nan, masu wanke-wanke da kyakkyawar niyya suke ɓarnar. Duk lokacin da ruwa ya fara tafiya a hankali sai su tuttula tafasasshen ruwa da sinadarin buɗe toshewa. Maiƙon ya narke, ya yi gaba 'yan mitoci, ya tarar da sanyi ya sake daskarewa a inda hannu ba ya kaiwa. Sun zura kyamara cikin magudanar, na ga bututu mai faɗin inci 4 da hanyar ruwansa ta koma kamar ta yatsa biyu. Da injin feshin ruwa mai ƙarfi suka wanke shi. Bayan haka dattijon ya tara ma'aikatan kicin, ba faɗa ba tsawa, ya nuna musu hoton. Tun daga ranar ake kankare kwanuka a shara kafin su ga ruwa, tsohon man suya kuma a jarka yake tafiya.

Akwai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya addabi ɗaki na 11, wanda ba mu cika ba da shi ba. Har na fara tunanin fasa tayil. Ashe ruwan da ke zama a lanƙwasar bututun ƙasan banɗaki, wanda ke tare iskar magudana, shi ya ƙafe. Jug ɗaya na ruwa ya kashe maganar. Yanzu duk mako mai shara tana buɗe famfo da shawa na kowane ɗakin da babu kowa.

Hitar ruwa kuwa, ni da hannuna na rage ta zuwa digiri 45 don tsimin wuta. Ya ce, "Yallaɓai, wannan tsimin yana da haɗari." Ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta tururin shawa take shiga huhu. Bayan ɓarkewar cutar a wani otal a Philadelphia ta Amurka a 1976 ne aka fara gano ta. Suka mayar da tankin digiri 60, suka sa bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya kai ɗakuna, don ruwan digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake ƙona fata. Suka kuma zubar da lakar da ta taru a gindin tankin.

To, ba duka ne ya yi daɗi ba. A takarda sun yi alkawarin zuwa cikin awa huɗu idan ta gaggawa ce. Wata Asabar da dare injin tura ruwa sama ya tsaya, gida cike da baƙi. Na kira ƙarfe tara, ba su iso ba sai takwas na safe, da bokiti muka raba ruwa ɗaki-ɗaki. Haƙuri kawai aka ba ni. Zuwa na uku kuma wasu samari aka turo waɗanda ba su ko duba rahoton baya ba, suna tambayata abin da abokan aikinsu suka rubuta da hannunsu, suka tafi suka bar mana laka a baranda. Rahoton nasu ma cike yake da kalmomin sana'a, sai na kira waya an fassara mini.

Abin da ya fi ɓata mini rai, ofishinsu ya matsa mini in canza duk tsofaffin bututun ƙarfe na ginin lokaci ɗaya. Na nemo wani ma'aikacin daban ya duba. Ya ce matsalar tana wurare biyu ne kawai, inda aka haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe kai tsaye, ɗaya yana cin ɗaya idan ruwa ya ratsa su. Mahaɗi mai raba su aka sa, sauran kuma a riƙa canzawa sashe-sashe. Da na gaya wa dattijon, bai musa ba, ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan.

Mai shago da banɗaki ɗaya ba ya buƙatar irin wannan yarjejeniya, dubawa sau ɗaya a shekara ta ishe shi. Mai kicin, ko hita, ko banɗakuna da yawa, ina ganin ta dace da shi. Ni zan sabunta, amma da sharaɗi uku a rubuce: dattijon nan ne zai riƙa jagorantar zuwan, duk awar da suka ƙara a kan huɗun nan a rage mini wani abu a kuɗin yarjejeniya, kuma duk babban aikin da za su ba da shawara ya zo da hoto. Na aika musu tun makon jiya, ina jiran amsa.