Faranta haƙora a asibiti ko a gida: wanne ya fi taɓa cikon haƙori?

A asibiti, likita kan shafa wa haƙora haidurojin feroksaid, sinadarin da ke sa su yi fari, mai ƙarfin kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, ya bar shi minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a zama ɗaya. Na gida wani sinadari ne mai suna kabamaid feroksaid, yawanci kashi 10, wanda ƙarfinsa kusan daidai yake da haidurojin feroksaid kashi 3.5. Sai dai ana kwana da shi a baki har kusan mako biyu, kuma wannan daɗewar kan yi wa ciko illa kamar yadda ƙarfin na asibiti ke yi.

Dukansu suna sakin iskar oksijin da ke sassauta robar da ta riƙe cikon kwamfozit, wato ciko mai launin haƙori, sai fuskarsa ta ɗan yi laushi da kaushi, ta riƙa kama launi. Cikon gilas-ayonoma, wanda ake haɗawa da garin gilashi, ya fi shan wuya, domin samansa na zaizayewa. Cikon tangaran kusan ba ya jin komai.

Mai ciko da yawa a haƙoran gaba ya fi dacewa da asibiti, inda likita zai iya kauce wa cikon. Cikon kansa ba ya yin fari. In za a canza shi, a jira mako biyu bayan an gama faranta haƙoran, don ragowar oksijin na hana sabon kamawa sosai.