Kodi da MariaDB ko Jellyfin, don duk na'urorin gida su riƙa ganin fina-finai ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda duk na'urorin gida za su riƙa ganin fina-finai ɗaya. Jellyfin za ka ɗora, manhajar da ke zama a kwamfuta ɗaya tana raba fina-finai ga sauran na'urorin.

Haɗa Kodi (manhajar kallon fina-finai) da MariaDB (manhajar rumbun bayanai) da ka yi tambaya a kai yana aiki, amma da wahala. Sai ka saka fayil ɗin advancedsettings.xml a kowace na'ura, ka rubuta adireshin kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan da lambar tasharta (port) 3306, fina-finan kuma su zauna a jakar da aka raba ta SMB ko NFS, wato hanyoyin raba fayil tsakanin na'urori. Sannan dole duk na'urorin su kasance a kan zubin Kodi ɗaya. Kodi 20 rumbunsa MyVideos121 ne, Kodi 21 kuwa MyVideos131. Ranar da wayar wani ta sabunta kanta, ta koma wani rumbu daban ke nan, abin da aka kalla a falo ba za ta sani ba.

Ni Jellyfin na sa a wata tsohuwar laptop mai Intel, na ajiye ta kusa da rauta, wato na'urar Wi-Fi ta gida. Abin da ya sa na ƙaunace shi Hajiyarmu ce. A azumi tana sauraron tafsiri a talabijin aka ɗauke wuta. Laptop na da batirinta, rauta na kan ƙaramin batir, sai na miƙa mata waya, karatun ya ɗora daga daidai ayar da aka tsaya. Tun ranar ba ta sake kiran kowa ya nemo mata inda ta kwana ba. Yara ma na buɗe musu nasu asusun, babu abin da suke gani sai jakar da na zaɓa musu, kuma wannan a wurina ya fi komai.

Jellyfin kyauta ne, daga wata manhaja irinsa mai suna Emby aka ɓallo shi a ƙarshen 2018. Na'urar da ba ta da manhajarsa, burauza ta ishe ta, ta tashar 8096, kuma a cikin gida ba ya neman intanet kafin ka shiga. Idan waya ta kasa buɗe wani fim, laptop ɗin ce ke sauya mata shi da Quick Sync, fasahar Intel ta sauya tsarin bidiyo, abin da a Plex, wata manhajar irin Jellyfin, sai ka biya kuɗin Plex Pass. In kuwa fuskar Kodi ce ba ka son rabuwa da ita, akwai ƙarin Jellyfin da ake sakawa a cikinsa.

Ka yi hattara wajen sayen hadis (hard disk) ɗin da za ka zuba fina-finan. Akwai masu zuba tsoho a sabon kwali, akwai masu sayar da wanda aka rubuta 2TB alhali cikinsa ɗan filashi ne. Kafin ka biya, a buɗe CrystalDiskInfo a gabanka ka ga awowin da ya yi yana aiki, a gida kuma ka gwada girmansa da H2testw tun ba ka kwashe hotunan iyali ka zuba ba. Wanda ya hana ka gwaji, bar masa kayansa.