Lif, injin ɗaga ma'aikata sama: mai almakashi ko mai dogon hannu?

Mai almakashi dai, wanda ƙarafansa ke buɗewa kamar almakashi, sama kawai yake miƙewa ya sauko, baya leƙawa gefe, amma dandalinsa na da faɗi, mutum biyu da kayan aiki sun shige, shi yasa yafi dacewa da aikin silin, in dai ƙasan a baje take kuma da ƙwari.

Mai dogon hannu kuwa zai tsallake katanga ya kaika inda kake so, sai dai gaskiya shi nafi tsoro, taya ɗaya ta faɗa ɗan rami kwandon da ake tsayawa a ciki zai iya cilla mutum waje, dole ka ɗaura bel ɗin jiki ka maƙala igiyarsa a ƙugiyar kwandon, ka kuma nisanci wayar lantarki. Iska ta wuce mita 12.5 a sakan, yawancinsu an hana hawa.