Haɗa fitilar leza ta hannu: kayan da ya dace a fara saye da waɗanda ya kamata a dakata da su

Leza ba sabon abu ba ce, domin tun ranar 16 ga Mayun 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko a ɗakin bincike na kamfanin Hughes da ke Kalifoniya ta Amurka, kuma bayan shekara biyu aka samar da irin wadda ake yi da dayod, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke fitar da hasken. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne araha. Dayod ɗin da a da sai manyan ɗakunan bincike ke iya mallaka, yau ana ciro shi daga mataccen injin rubuta faifan DVD, ko a yi odarsa daga Sin ya iso Zariya cikin ambulan. Shi ya sa ɗalibin lantarki a Samaru ko a Kwalejin Nuhu Bamalli, ko yaron shagon gyaran rediyo a Sabon Gari, yake iya ƙudurta haɗa tasa fitilar da za ta fasa balan-balan ko ta kunna ashana. Sha'awa ce mai kyau, kuma akwai ilimi mai yawa a cikinta, amma galibin masu farawa sukan zuba kuɗinsu a kan dayod mafi ƙarfi, su bar tabarau da na'urar daidaita wuta sai abin da ya rage. A ganina wannan tsari a juye yake.

Da miliwat ake auna ƙarfin leza, kuma ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60825-1 ta kasa ta aji-aji. Aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, kuma ana ɗaukarsa mai sauƙin haɗari ne saboda ƙiftawar ido, wadda ke faruwa cikin kusan rubu'in daƙiƙa, takan isa ta kare mutum. Ajin 3R ya tsaya a miliwat 5, wanda shi ne iyakar da hukumomin Amurka suka yarda a sayar a matsayin fitilar nuni. Daga nan zuwa miliwat 500 shi ne ajin 3B, inda hasken ke lalata ido kafin a ƙifta. Abin da ya haura haka kuwa aji na 4 ne, wanda ke ƙona fata da tufafi, kuma ko ɗigon haskensa a jikin farin bango yana iya cutar da mai kallonsa daga kusa. Dalilin wannan haɗari yana cikin halittar idon kansa, domin yana tattara hasken a kan tantanin da ke can ciki, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a tsakar rana, har ƙarfinsa ya ninku kusan sau dubu ɗari. Wurin da ya ƙone a wannan tantani yakan bar tabo na har abada, kuma tun da babu jijiyar jin zafi a cikinsa, mutum yana iya yin rauni bai ankara ba sai ya ga wani baƙin ɗigo ya ƙi barin ganinsa.

Mafi sauƙin zaɓi shi ne ɗan guntun leza ja mai nanomita 650 (nanomita shi ne ma'aunin da ke nuna launin haske) da miliwat 5, irin wanda ake sayarwa da sunan KY-008 domin aiki da Arduino, wato ɗan allon lantarki da ake ba umarni ta kwamfuta. Yana aiki da bolt 5, ba ya neman wani sanyayawa, kuma da shi ake iya haɗa ƙararrawar tsaro da ke kaɗawa idan an ratsa hasken, ko a aika sauti ta cikin haske daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ba ya ƙona komai, don haka wasu ke raina shi, amma duk wanda bai taɓa laƙa waya a ƙafar dayod ba, nan ya kamata ya fara.

Mataki na gaba shi ne jan dayod na injin rubuta DVD. A nan akwai abin lura guda biyu. Injin da ke karanta faifai kawai dayod ɗinsa rarrauna ne, sai mai rubutawa ne ke da wanda ke iya ba da miliwat ɗari ko fiye, wato ya riga ya shiga ajin 3B. Abu na biyu ya fi muhimmanci: a cikin injin akwai wani dayod na faifan CD mai nanomita 780, kuma haskensa infared ne wanda ido ba ya gani sai ɗan ja-ja kaɗan. Wanda ya kunna shi ya zaci bai kama ba, ya kawo ido kusa domin ya duba, ya jefa kansa cikin haɗari mafi muni. Amfanin wannan zaɓi shi ne ana samun matattun injina da araha wurin masu gyaran kwamfuta, illarsa kuma ita ce ba a san takamaiman ƙarfin abin da aka ciro ba, kuma fitar da shi daga mazauninsa ba tare da an fasa shi ba sai mai haƙuri.

Koriyar leza ita ta fi ɗaukar ido, saboda idon ɗan Adam ya fi jin haske a wajajen nanomita 555, don haka koriya mai miliwat 5 takan fi ja mai ƙarfi ɗaya haske nesa ba kusa ba. Iri biyu ce a kasuwa, kuma bambancinsu ya cancanci a tsaya a kansa. Mai nanomita 532, wadda ta fi yawa kuma ta fi araha, ba kai tsaye take fitar da koren haske ba. Dayod na infared mai nanomita 808 ne ke haska wani ƙiristal ya ba da nanomita 1064, sannan wani ƙiristal na biyu ya raba wannan lamba gida biyu, kore ya fito. Kamata ya yi a sa matacin da zai tare sauran infared ɗin, amma masu ƙera na araha sukan tsallake shi, sai fitilar ta riƙa fitar da hasken da ba a gani tare da wanda ake gani. A 2013 cibiyar ma'auni ta Amurka, wato NIST, ta gwada fitilun nuni 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin ɗari na koraye da kusan kashi 44 na jajaye sun saɓa wa ƙa'ida. Wannan ya isa ya nuna cewa lambar da aka manna a jikin fitila ba abin dogaro ba ce. Iri na biyu, mai nanomita 520, dayod ne da ke ba da kore kai tsaye, babu ƙiristal kuma babu ɓoyayyen infared. Ya fi tsada, amma idan kore ake so, shi na fi amincewa da shi.

Sai kuma shuɗi da shunayya, waɗanda suka samo asali daga aikin Shuji Nakamura a kamfanin Nichia na Japan, mutumin da ya raba kyautar Nobel ta 2014 da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano kan ƙirƙiro shuɗiyar fitilar LED. Shunayya mai nanomita 405 ita ce ta faifan Blu-ray, kuma tana yaudara ƙwarai, domin a ido takan yi dishi-dishi alhali ƙarfinta yana nan. Shuɗi mai nanomita 445 zuwa 450 kuwa daga majigi aka fara ciro shi, kuma yana ba da wat ɗaya, wato miliwat 1,000, ko fiye. Shi ne abin da samari suka fi kwaɗayi, kuma shi ne ba na ba kowa shawarar ya sa a bututun da ake riƙewa a hannu. Hannu yana rawa, bututu yana suɓucewa, kuma a gidajenmu akwai madubi da tayil da kwanon silba da gilashin taga, ga yara da ke faɗowa ɗaki ba sallama. Mai fitilar yana sanye da tabarau, amma ƙanensa da ya leƙo ba ya da shi.

Kowane launi aka zaɓa, ba a haɗa dayod na leza da batir kai tsaye, domin da ya fara ɗumi yakan ƙara jan wuta, jan wutar ya ƙara masa zafi, har ya mutu cikin daƙiƙoƙi. Yana bukatar direba, wato ɗan allon da ke tsayar da wutar a adadi ɗaya. Ana iya haɗa shi da LM317, ɗan kayan daidaita wuta wanda masu sayar da kayan gyaran rediyo suka san shi sarai. Lissafinsa shi ne a raba 1.25 da ƙimar rezista, ta yadda rezista mai om 10 zai ba da miliamfiya 125. Yana da araha kuma yana koyar da mai haɗawa, sai dai yana cinye kusan bolt 3 a kansa, ya mai da su zafi, don haka ko jan dayod sai an haɗa masa batir biyu. Direban da aka saya a haɗe ya fi ƙanƙanta kuma ya fi tattalin batir, amma dole a tabbatar ya dace da dayod ɗin, tun da ja yana aiki a bolt biyu da ɗoriya, shuɗi kuma ya haura huɗu. A kowane hali, a fara gwada direba da jerin dayod na yau da kullum irin 1N4007 da rezista mai om 1, a auna da mita, kafin a jona na leza. Batir mai caji irin wanda ake kira 18650 ya wadatar, amma na gaskiya bai cika wuce miliamfiya-awa 3,500 ba, don haka wanda aka rubuta wa 9,900 a bar shi a shago.

Yanayin Zariya ma yana da nasa hukunci. A bazara, lokacin da zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, dayod mai ƙarfi ba ya daɗewa sai an danna shi cikin mazaunin tagulla an kewaye shi da alminiyam mai kauri. A hunturu kuwa bushewar iska tana sa wuta ta taru a jikin mutum, irin wadda ke yin tartsatsi idan an cire rigar sanyi, kuma wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe dayod sabo fil. Sai a bar ƙafafunsa a haɗe da juna har lokacin laƙawa, a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauke shi, a kuma rufe gilashin tattara haske saboda ƙura. Gilashin roba ya ishi leza mai rauni, amma mai ƙarfi yana narka shi.

Tabarau shi ne kayan da ya fi cancantar kuɗin mai saye, kuma shi aka fi yi wa ha'inci. Baƙin gilashin rana ba ya kariya, yana ma ƙara ɓarna, saboda duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe. Gilashin masu walda ma ba don wannan aiki aka yi shi ba. Tabaran leza na gaskiya yana ɗauke da rubutu biyu a jikinsa, wato nanomitar da yake tarewa da lambar OD. OD 3 yana rage haske sau dubu, OD 4 sau dubu goma, kuma alamar EN 207 tana nuna an gwada shi bisa ƙa'idar Turai. Kowane launi da nasa tabarau: mai ruwan lemo da ke tare shuɗi da kore yana barin ja ya wuce, kuma wanda aka yi don nanomita 532 kaɗai ba ya tare infared ɗin da koriyar araha ke zubarwa. Tabaran da ake cusowa kyauta cikin kwali babu wani rubutu a jikinsa, ni ban yarda a jingina ido da shi ba. Idan kuɗin tabarau mai kyau ya gagara, to a tsaya a miliwat 5 tukuna. Wanda haske ya shiga idonsa kuma kada ya jira gari ya waye, ya nufi asibitin koyarwa na Shika ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Akwai wani abu da ya shafi garin nan musamman. Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama tana Zariya tun 1964, kuma ƙananan jiragenta suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan unguwanni, da ɗalibai masu koyon tuƙi a ciki. Hasken leza da ya faɗa gilashin jirgi yana bazuwa ya kashe wa matuƙi ido na ɗan lokaci, kuma wajen sauka daƙiƙa kaɗan sun isa a yi asarar rai. Amurka ta mai da wannan aiki laifin da ke kai mutum kurkuku har shekara 5 tun 2012. Mazaunin Palladan ko Samaru bai kamata ya ɗaga leza sama ba ko da bai ji ƙarar jirgi ba, haka nan ba a haska ta a titi inda direbobi da 'yan acaɓa ke wucewa.

Wanda burinsa shi ne ya ga leza tana ƙona abu yana da hanyar da ta fi bututun hannu amfani, wato ya sa shuɗin dayod ɗin a injin zane da aka rufe cikin akwati, mai makunnin da ke yanke wuta da zarar an ɗaga murfi. Ilimin direba da sanyayawa duk ɗaya ne, an ƙara da sarrafa ƙananan injinan da ke motsa kan lezar ta kwamfuta, kuma abin da ya fito yana iya zama sana'a, kamar zana suna a katako ko ado a ƙwarya ko tambari a fatar jaka da takalmi, a garin da ke da cibiyar nazarin fata ta ƙasa a Samaru. Wajen saye a nemi ƙarfin hasken da ke fita, domin injin da aka tallata da wat 40 sau da yawa wutar da yake sha ake nufi, haskensa kuwa bai wuce wat 5 ba. A ba akwatin bututun fitar da hayaƙi zuwa waje, a yi aiki da fatar da aka jeme da bagaruwa maimakon wadda aka jeme da sinadarin kurom, kuma kada a taɓa sa robar PVC ko fatar roba a ƙarƙashinsa, saboda hayaƙinta yana da guba kuma yana cin ƙarfen injin.