Ɗan gilashin kyamarar waya da na sayo a Wunti, Bauchi

Wannan gilashin da ake maƙala wa kyamarar waya ya ƙara girman ƙananan abubuwa, don yara kawai na saye shi. Sati guda yana yashe a aljihun mota.

Ranar Asabar uwargida ta ɗaga randa za ta wanke gindinta, sai ga wasu 'yan halittu ruwan toka, bayansu kamar sulke, suna ta guje-guje a kan danshi. Ta ce 'ya'yan kyankyaso ne, a miƙo mata fiya-fiya. Babban ɗana ya ɗauki hoto ya saka a wata manhaja, ita kuma ta ce wai Hemilepistus reaumuri ne, na hamada. Hamada a ƙarƙashin randa, a Bauchi, da damina?

Nan fa gilashin ya fitar da ni kunya. Muka jefa guda cikin murfin kwalba, na maƙala, wallahi sai ga ƙafafu tar, muka ƙirga 14. Kyankyaso 6 gare shi, magana ta ƙare. Ashe ma dangin ƙaguwa da jatan lande ne da suka zauna a tudu. Manhajar ta gano dangi, ta ɓata a iri. Na hamadar yana Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, yakan kai santimita 2, ga ƙuraje-ƙuraje a kansa da gaban bayansa. Rami yake haƙawa kusan santimita 40 don ya kai ga sanyi, mace ɗaya namiji ɗaya, ɗayansu na gadin ƙofa. (Uwargida ta ce wannan ɗabi'a ta burge ta, na yi kamar ban ji ba.) Namu bai kai rabin tsawon nan ba, bayansa kuma sumul.

To amma sai ka kusan dangwala wayar a jikin abu kafin ya fito, inuwarka ta tare haske, gefen hoton duk hazo. Hoto wajen 20 na ɗauka, uku ne na kirki. Haushin ma bai kai na matsin da ke riƙe gilashin a jikin waya ba: kwana biyu ƙarfen ya ɓalle, ya bar mini zane a gilashin waya. Na koma wurin yaron shagon, ko kallon abin bai yi ba, wai "Alhaji, kaya in ya fita ai ya fita." Yanzu da robar ɗaure kuɗi muke riƙe shi.