Google Sheets a Matsayin Littafin Maki: Inda Ta Yi Kyau da Inda Take Yaudara

Malamin da ke son barin littafin maki na takarda yakan tsaya tsakanin manhajoji biyu, Microsoft Excel da ta fito a 1985 da Google Sheets da ta biyo baya a 2006. Ga aikin aji na yau da kullum, Sheets ta wadatar. Kyauta ce ga duk mai asusun Google, tana adana aiki da kanta, kuma malamai biyu za su iya shigar da maki a fayil ɗaya lokaci guda.

Ga tsari mai sauƙi ga aji mai ɗalibai 40. Layin farko na kwance a bar shi ga kanun bayanai, ɗalibai su kama daga layi na 2 zuwa na 41. Suna a jerin A, gwaji biyu masu maki 20 kowanne a B da C, jarrabawa mai maki 60 a D. A gidan E2, wato inda jerin E ya haɗu da layi na 2, sai a rubuta fomular tara lambobi =SUM(B2:D2), a kama kusurwar gidan a ja ƙasa, jimlar kowa ta fito. Yawan waɗanda ba su kai 50 ba kuwa, =COUNTIF(E2:E41,"<50") ke ƙirga shi. Wannan duk abin koyo ne na yini ɗaya.

Wahalar tana wajen kurakuran da manhajar ba ta yin ƙorafi a kansu. Fitar da matsayi shi ne babban misali. Wanda ya rubuta =RANK(E2,E2:E41) ya ja ƙasa zai ga lambobi sun jeru tsaf, alhali ba daidai ba ne, domin iyakar gidajen da ake gwadawa, wato E2:E41, tana zamewa tare da jan: a layi na gaba ta koma E3:E42, ɗalibin farko ya fita daga lissafi. Har a kai ƙasa, ɗalibin ƙarshe da kansa kaɗai ake gwada shi, sai ya zo na ɗaya ko da shi ne kurar baya. Maganin shi ne alamar dala, wadda ke ƙulle iyakar: =RANK(E2,$E$2:$E$41). A kuma sani cewa idan biyu suka yi kunnen doki a na biyu, mai bi musu na huɗu zai zama, babu na uku. Ba kuskure ba ne, amma iyaye za su tambaya.

Sai batun wanda bai zauna jarrabawa ba. AVERAGE, fomular fitar da matsakaici, tana tsallake gidan da ba a rubuta komai ba, amma tana ƙirga sifili. Saka 0 ga mara lafiya na janyo matsakaicin aji ƙasa, don haka a yanke shawara tun farko, a bi ta har ƙarshen zango. Haka nan idan yatsa ya kuskure aka buga harafin O a madadin sifili, gidan ya zama rubutu, SUM ta wuce shi shiru. Alamar ganewa ita ce lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Kada kuma a rubuta 8/10 da nufin takwas cikin goma, kwanan wata za ta mayar da shi.

Abin da ya fi ɓarna shi ne jera sunaye bisa haruffa bayan an zaɓi jerin A kaɗai. Sunaye su motsa, maki su tsaya inda suke, kowa ya gaji makin wani. Excel takan yi gargaɗi kafin hakan, Sheets kuwa sai ta aiwatar kawai. Abin da ke fanshe ta shi ne tarihin fayil, inda ake iya komawa ga yadda yake kafin ɓarnar, har a ga wanda ya taɓa shi.

Haɗinta da Google Forms, manhajar tsara tambayoyi a intanet, ma abin yabo ne: amsoshin gwaji na zuba kai tsaye cikin shafi. Sai dai a kula da rabawa. Zaɓin da ke buɗe fayil ga duk mai mahaɗin bai dace da makin yara ba, gara a saka adireshin imel na kowane malami, a kulle jerin da ke ɗauke da fomula.

A waya, shigar da maki ba laifi, amma gina fomula da yatsa azaba ce. Aiki ba intanet yana yiwuwa, muddin an kunna shi tun ana kan layi, a kwamfuta kuma yana buƙatar ƙarin manhajar Google Docs Offline a burauza irin Chrome. Wajen buga katin sakamako mai tsari a takarda, Excel ta fi Sheets iko da gefen shafi da inda zai yanke, saboda haka makarantar da ke buga kati ɗari-ɗari kowane zango za ta fi samun sauƙi idan ta tattara maki a Sheets, ta sauke fayil ɗin a tsarin xlsx na Excel, ta buga daga Excel.