Difloma a kan kula da gandun daji: malami ɗaya ne ya hana kuɗina tafiya a banza

Arha ce ta kai ni kwalejin nan. Jami'o'in da suka yi suna a fannin gandun daji duk sun fi ƙarfin aljihuna, sai na ɗauki difloma ta shekara biyu. Zangon farko karatun allo ne zalla, har na fara tunanin barin kwas ɗin.

Malamin awon itatuwa ne ya sauya mini ra'ayi. Ya kwashe mu zuwa daji, ya raba mu rukuni-rukuni, kowa ya kewaye fili mita 20 tsawo, mita 20 faɗi. Kowace bishiya a auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirji. In tana kan gangare, a tsaya ta wajen tudu. In ta rabu biyu kafin ta kai wannan tsayin, bishiya biyu ce. Tef ɗin awon kauri bai ishe mu ba, ya ce mu zagaya jikin bishiyar da tef na yau da kullum, mu raba abin da muka samu da 3.14. Daga nan kowa ya ninka lissafinsa sau 25 don sanin abin da ke cikin hekta guda.

Da muka haɗa sakamako, babu rukuni biyu da suka zo ɗaya, wani ma ya kusa ninka na wani. Bai yi faɗa ba. Ya zaga da mu fili-fili, muka gani da idonmu cewa wasu sun zaɓi inda itace ya yi duhu, wasu inda tafiya ta fi sauƙi. Ya ce da irin wannan lissafin ake ba da izinin sarar da ta wuce abin da daji ke iya mayarwa, shi ya sa ba a barin mai awo ya zaɓi fili da son ransa. Wallahi ranar na gane aikin da na zo koyo. Allah Ya saka masa da alheri.

Saboda shi na so in ce kowa ya zo, amma da na tuna maganar taswira sai raina ya sake ɓaci. Takardar tallarsu ta yi alkawarin koyar da zanen taswira a kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam. Ɗakin kwamfutar kullum a kulle, wai lasisin manhaja ya ƙare. Alhali manhajar zanen taswira ta QGIS kyauta ce! A kwamfutar aro na koya wa kaina, na haɗa da darussan da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ke bayarwa kyauta a intanet. Ga kuɗin fita daji da na takalmi da hular kwano, ba wanda ya ambata sai da muka gama rajista. Wurin koyon aiki ma kowa shi ya nemo wa kansa.

Wanda ba shi da hali ya zo, amma da ido buɗe. Kafin ka biya, ka tambayi ɗaliban da ke ciki sau nawa suka shiga daji a zangon da ya wuce, ko kwalejin tana da dajin gwaji da wurin renon dashe nata, ko kuma hukumar tantance kwasa-kwasai ta amince da takardar. Ni tauraro uku na ba su, biyu daga ciki na malamin nan ne.